Gaisuwar da Aka Sayar a Tungar Dunya

Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, wani falke ya shigo Tungar Dunya da jakuna uku, babu komai a kansu sai goruna, kowane da tsumma a bakinsa. Dogo ne, wuyansa ya fi na mutane tsawo, kuma ba ya taku goma bai waiwaya ba. Bai kasa kaya a kasuwa ba. Gida gida ya riƙa bi, yana yi wa kowa tambaya ɗaya a asirce: "Akwai gaisuwar da ka daina amfani da ita? Sayar mini." Abin da yake bayarwa ɗan ƙunshin gishiri ne da ba ya ƙarewa, ka ɗiba yau, gobe ka tarar ya cika.

To, wa ke zaune a gari ba shi da wanda suke gaba? Kowa ya tuna nasa, kowa ya sayar, kowa kuma ya ɗauka shi kaɗai ya yi wannan wayon. Har Hakama mai daddawa ta sayar, ita da take taƙamar ba a cutarta a ciniki. Shekara huɗu ke nan ba ta gai da yayanta Bagudu majemi ba, tun da ya ɗauki turmin mahaifiyarsu bayan rasuwarta ya ba wata maƙwabciya bai shawarce ta ba. Turmi ne fa tsagagge, wanda ko kaza ba za ta yi sha'awar kwana a ciki ba, amma Hakama ta ɗauke shi ta aza a zuciya. Da falke ya miƙo mata bakin gora, ta ce "Yaya, ina kwana?" a ciki, ya toshe, ya ba ta gishirinta. Sai dai ita mace ce mai zargin ko inuwarta, don haka da ya fita ta bi shi daga nesa. Ta ga shi da jakunansa sun gangara cikin tsohuwar marinar bayan gari, ba su fito ba. Ta ja bakinta ta yi shiru.

Washegari ta haɗu da maƙwabciyarta Lanti a bakin rijiya. Ta buɗe baki za ta ce ina kwana, sai iska kawai ta fito. Lanti ma ta buɗe nata ta rufe. Suka tsaya suna kallon juna, kowace tana cewa a ranta, "Ashe wannan ƙiyayya take yi mini a ɓoye." Gaisuwa ashe kamar zaren saƙa take, an ja ɗaya, sauran duk sun bi. Sallama tana nan, don ita ba ta sayuwa. Amsa ma tana nan, don falke bai nemi amsa ba. Amma ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jiki, sannu da aiki, duk sun fita daga bakin mutanen Tungar Dunya.

Wanda bai zauna a garin ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ƙaramin abu! Mace ta haihu a wancan layin, sai bayan suna a ji. Tsoho ya kwanta, babu mai sani. Lokacin yasar rijiya ya zo, mai gari Shekarau ya aika a kira gayya, amma duk gidan da ɗan aike ya tsaya ya ce "a fito yasar rijiya" haka nan tsirara ba gaisuwa, sai maigidan ya ce, "Ni bawan wa ne?" Ba a yashe rijiyar ba. Ruwa ya koma kore, cikin yara ya fara ƙugi, ɗiyar Cindo maƙeri ta rasu, ta biyu ta kwanta.

Mutum ɗaya ne a garin bakinsa bai mutu ba, shi ne Bagudu. Da safe zai fito daga gidansa na ƙarshen gari, inda yake zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa, yana warin jima, ya tsaya ya gai da kowa. "Cindo, ina kwana? Yaya jikin yarinyar?" Cindo ya ce "Da sauƙi," ya kasa mayar masa da tambaya, kunya ta kama shi, kunyar ta zama haushi. Haka kowa. Aka fara canza hanya in an hango shi. Daga nan aka fara ƙus-ƙus. Me ya sa shi kaɗai tasa ba ta tafi ba? Me yake nema da jikin 'ya'yan mutane? Ai ranar da ya tambayi ɗiyar Cindo, kwana biyu ta yi ta rasu. Kafin wata na uku ya ƙare kalmar ta fito fili, aka ce Bagudu maye ne. Ita kanta Hakama, ko da ba ta yarda da maitar ba, ta sa a ranta cewa da shi aka haɗa baki da falken nan.

Sai aka daina ganinsa. Kwana biyar ƙofarsa a rufe. Masu ƙarfin hali suka je suka yi sallama daga nesa, ba a amsa ba, sai wani irin gurnani daga ciki. Suka dawo suka ce sun ji shi yana taunar kurwar yara. Mai gari Shekarau ya yanke hukunci: in bai fito ya wanke kansa ba zuwa Juma'a bayan an sauko, za a sa wa gidan wuta, da shi da abin da yake ci.

Ranar Litinin Hakama ta je bakin zaurensa. Ta kasa kunne, ta ji gurnanin. Tare suka tashi a ɗaki ɗaya, ta san nishin yayanta in zazzaɓi ya kama shi. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ƙafar ta ƙi. Ta sake, ta ƙi, kamar an kafe ta da turke. Ashe wanda ka sayar da gaisuwarsa, ƙafarka ba ta ƙara taka zaurensa. Ta ruga wajen Lanti ta ce, "Ba shi da lafiya ne, ku shiga ku duba shi." Lanti ta ja 'ya'yanta baya ta ce, "Ke da shi ai nono ɗaya kuka sha. Tura mu za ki yi ya cinye?" Ta je wa mai gari, ya ce in ta sake zuwa da wannan magana za a haɗa da nata gidan.

Talata da rana tsaka ta ɗaura ɗamara, ta je tsohuwar marina, ta juye gishirin nan duka cikin ramin. Ƙasan ramin ya dare, matakala ta bayyana. Ta yi bisimilla ta sauka.

Ta ɓulla a wani fili mai jan sama, ba rana ba wata, amma da haske. Hanya ɗaya ce, gefenta cike da tarin duwatsu masu siffar mutane a durƙushe. Ba ta tsaya kallonsu ba. Ta yi ta tafiya har ƙafafunta suka farfashe, sai ga wani kogi. Ruwansa ba ya ƙara irin ta ruwa, raɗa yake yi. Da ta matso sai ta ji yana cewa, "Lanti ta ce daddawarki da ƙasa kike haɗawa. Matar Cindo ta ce ke kika fi yayanki maita." Ranta ya ɓaci har ta tsaya za ta ji ƙarshen zancen, sai ta ga ruwan ya riga ya kai mata gwiwa ba ta sani ba. Ta yi tsalle baya, ta cusa gefen mayafi a kunnuwanta.

Wani aljani ya taso da kwalekwale, kunnuwansa sun sauko har kafaɗa. Ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi bayanta ko da wani a ɓoye, sannan ya ciro gora daga hammata, ya kurɓa, ya buɗe baki. Muryar Lanti ce ta fito, tsaf: "Ina gajiya?"

Kwana nawa rabon Hakama da a yi mata wannan tambayar? Bakinta ya riga tunaninta. "Ba gajiya," in ji ta.

Nan take wani dutse ya faɗo mata a gadon baya ya manne, har ta dafa ƙasa.

Aljanin ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ƙafafunki na zubar da jini, kina cewa ba gajiya? Ki sani, a wannan ƙasa duk maganar da ta saɓa wa abin da ido ke gani dutse take zama a bayan mai ita. Na farko nauyi ne. Na biyu sunkuyo ne. Na uku, kin ga 'yan'uwanki a gefen hanya. Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Falken goruna nake nema."

"Kowane ɗan leƙen asiri haka yake cewa. Shigo, amma ki zauna a gabana inda zan ga hannuwanki."

Ya haye da ita yana tuƙi da baya. Daga can ta ratsa wani daji da bishiyoyinsa ke juyowa suna binta da kallo, ta wuce wata kasuwa da ba mai saye ba mai sayarwa, don kowa ya zauna a kan kayansa ya rufe da riga. Yunwa ta ci ta, wata mata ta miƙo mata fura, da ta miƙa hannu matar ta janye ta ce, "Me ya sa kika yarda da sauri haka? Me kika sani?" Hakama ta wuce. A ranta ta ce, ni da ake cewa na cika zargi, ashe ɗaliba ce.

Sai ga ganuwar Birnin Waiwaye, baƙa, ba taga ko ɗaya. Mai gadin ƙofa idanunsa huɗu, biyu a goshi biyu a ƙeya. Tun daga nesa Hakama take gargaɗin kanta, ki riƙe bakinki, ki riƙe bakinki. Mai gadi ya kurɓi goransa, muryar mai gari Shekarau ta fito, mai kauri, irin wadda ba a jinkirta amsa mata: "An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Dutse na biyu ya sauko a kan na farko. Bayanta ya lanƙwashe, ta daina ganin komai sai ƙafafun mutane. Ta yi kuka, ba don zafi kaɗai ba, don haushin kanta, tana cewa wane irin baki ne wannan da ba ya jin magana.

Aka ja ta zuwa fada. Sarki Zargau yana zaune a kusurwa, bayansa manne da bango, takobi a cinya, ya rame har haƙarƙarinsa na ƙirguwa ta cikin riga. Fadawansa duk suna gabansa, babu mai izinin tsayawa a gefe. Dogon falken nan yana ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi. Can nesa, a bakin wani ɗaki cike da goruna, wata tsohuwar aljana tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa ɗaya.

Sarki ya kurɓi gora, ya kafe ta da ido, ya ce da muryar wata tsohuwa ta Tungar Dunya, "Yaya mutan gida?"

Amsar ta taso mata har maƙogwaro. Ta datse harshenta da haƙori sai da ta ji ɗanɗanon jini. Da ta samu numfashi ta ce, "Yayana na kwance ba mai ba shi ruwa, kuma ranar Juma'a za a ƙone shi. Gaisuwar garinmu na zo karɓa."

Sarki ya yi wata dariya ba daɗi. "Ya ke 'yar Adam, kin zo karɓar jabun kaya? An ce mini a garuruwanku mutum na kwana ƙofa a buɗe, yana cin tuwon maƙwabci bai sa an ɗanɗana ba, wai duk albarkacin wannan abu. Na tura wancan ya sayo. Na raba wa jama'ata. Ranar farko wani ya ce wa wani ina kwana, wancan ya ce wa ya gaya maka inda nake kwana, ya sare shi. Wani ya ce yaya iyali, aka ce ya ƙirga 'ya'yan mutane, aka ƙone rumbunsa. Ku kuma da kuka ƙirƙiro abin, ga ki nan da ƙarya biyu a baya. Ko dai kun ɓoye na gaskiyar kun ba shi ɓawon, ko kuma dama makirci ne don birnina ya ci kansa. Wanne ne?"

Hakama ta ce, "Ranka ya daɗe, kayan ba jabu ba ne. Ku ne ba ku iya ɗaura shi ba."

Sarki ya shafa takobinsa. "To ɗaura mana mu gani. In ya yi aiki kafin wannan fitilar ta mutu, za a duba kukanki. In bai yi ba, ni da kaina zan aza miki na uku."

Ta ce, "Wa ka fi zargi a duk birnin nan?"

Bai yi tunani ba ya nuna tsohuwar bakin ɗakin goruna. "Gajimara, yayata. Shekara ɗari uku ina kama ta a gindin tukunyata kafin a kawo mini abinci. Guba take nema ta sa. Ban kashe ta ba ne don ina son in gano da wa take aiki."

"Ita za ka gaisar. Tashi ka je inda take."

"In bar bango?"

"Ba a gaisuwa daga nesa kamar mai jifa. Ka ajiye takobin, ka cire takalmi, ka durƙusa. Yayarka ce."

"In durƙusa, wuyana a fili, bayana ga waɗannan?" Ya dubi fadawa, su ma suka dubi juna. Ya ce wannan shi ne makircin da kansa. Sau biyu yana tashi yana komawa. Fitila ta fara lumshewa. Daga ƙarshe yunwar shekara ɗari uku ta fi tsoro ƙarfi, ya taka da gefe da gefe har gaban tsohuwar, ya durƙusa, ya kai hannu ga gora.

Hakama ta ce, "Ajiye. Da muryarka."

"In miƙa mata muryata ta riƙe?"

"Abin da ake bayarwa ke nan."

Ya ce da wata siririyar murya da fadawa ba su taɓa ji ba, "Ina kwana?"

Tsohuwar ta dubi Hakama a tsorace. Hakama ta ce, "Ki ce lafiya lau."

"Lafiya lau," in ji Gajimara. Wani ƙaramin dutse ya taru a sama da kanta yana lilo.

Sarki ya zabura. "Kin ji! Ƙarya! Ga ƙafarta a kumbure!"

Hakama ta ce, "Zauna. Lafiya lau ta farko ba labari ba ce, mayafi ce. Mutum ba ya tuɓe wa wanda yake tsaye yana shirin wucewa. Tana dubawa ne ko da gaske ka zo. Sake tambaya."

"Me zan tambaya?"

"Gajiya. Gida. Sanyi. Aiki. Ka yi ta yi, kada ka dubi ƙofa, fuskarta za ka duba."

Ya tambayi gajiya, ta ce babu. Ya tambayi gida, ta ce lafiya. Ya tambayi sanyi, ta ce lokacinsa ne, amma muryarta ta fara rawa. Da tambayoyin suka ƙare masa, sai ya dubi ƙafar, ya ce da kansa ba wanda ya koya masa, "Yaya ƙafar nan, Yaya?"

Tsohuwar ta ce, "Da sauƙi. Sai dai..." Ta fashe da kuka. "Sai dai gubar da na ci a tuwonka shekara tamanin da suka wuce, a nan ta sauka. Tun kana yaro nake ɗanɗana maka abinci kafin a kai maka, don uwarmu ta bar mini amanarka. Sau uku ina cin abin da aka zuba dominka. Ban faɗa ba, don ka riga ka daina tambayata komai."

Dutsen da ke lilo a kanta ya narke ya zama ruwa. Na bayan Hakama suka zame suka faɗi ƙasa da ƙara, ko da yake bayan nata bai miƙe duka ba. Sarki Zargau ya daɗe a durƙushe, bayansa ga fadawa gaba ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa shi. Ya sa aka kwance falke, ya sa aka kawo tuwo, ya ci a kwano ɗaya da yayarsa kamar zai haɗa da kwanon.

Amma hali ba ya fita rana ɗaya. Da ya ƙoshi ya goge baki ya ce, "Yanzu da kayan ya yi aiki, don me zan mayar?"

Hakama ta ce, "Ka ga ai da bakinka ka yi, ba da gora ba."

"Haka kika ce. Wa ya sani ko gorunan ne ke riƙe da shi daga nesa? Ɗaya zan ba ki. Zaɓi."

Ta shiga ɗakin tana ɗingishi, Gajimara na biye da ita. Goruna ɗaruruwa, kowane in ka kara kunne sai ka ji mai shi. Ga na Shekarau yana gai da ƙaninsa. Ga na Cindo yana gai da surukinsa. Ga na Lanti, da Hakama ta kara kunne sai ta ji sunanta a ciki, ta ce, "Au, ashe ni ce taki!" Ta ajiye. Sannan tsohon zarginta ya motsa, ta ce, "Ina na Bagudu majemi? Ko shi lada aka ba shi ya nuna muku gidajenmu?"

Gajimara ta kira falke. Ya ce, "Mai warin fatu? Sau uku ina komawa gidansa, har ƙunshi goma na yi masa tayi. Ya ce yana da ƙanwa da ta yi fushi da shi, in sun haɗu a hanya takan kau da kai, to gaisuwarta yana ajiye da ita, ba ta sayarwa ba ce, don wata rana za ta juyo. Ya kore ni da sandar jima. Da ya sayar da tasa, da sauran gaisuwarsa ma duk ta bi."

Hakama ta zauna a ƙasa. Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta yi kuka har tsohuwar ta dafa ta. Sannan ta tashi ta nemo nata goran, ɗan ƙarami, can ƙasan tari.

Sarki ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin za ki kai wa gari guda?"

Ta ce, "Shi kaɗai ne nawa."

Gajimara ta ɗora ta a kan ɗaya daga jakunan falke, ta ce ta rufe ido. Iska ta kaɗa, raɗar kogi ta wuce ta ƙarƙashinta, da ta buɗe ido tana bakin tsohuwar marina, rana ta karkata, tana jin hayaniya daga ƙarshen gari. Juma'a ce, an sauko.

Ta tarar an jibga karan dawa a jikin dangar Bagudu. Cindo maƙeri ne riƙe da wutar, idanunsa jawur, don ɗiyarsa ta biyu ma an binne ta jiya. Shekarau na tsaye da sanda. Da aka ga Hakama a sunkuye, ƙafafu duk jini, aka dare mata hanya don tsoro, wasu na cewa ga ɗayar ta dawo daga wajen iyayen gidansu. Ta tsaya a bakin zaure, ta cire tsumman, ta shanye abin da ke cikin goran. Gaisuwar safe ce ta sayar, ita ce kuma ta dawo, don haka da la'asar sakaliya, a gaban gari duka, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, ina kwana?"

Mutane suka yi cirko-cirko. Wata uku ba su ji wannan kalma daga bakin kowa ba sai na wanda suka zo ƙonawa. Ba amsa. Cindo ya matso da wutar. Ta sake cewa, "Yaya Bagudu, ina kwana?"

Can daga ciki, kamar daga ƙasan rijiya, wata murya ta ce, "Lafiya... lau."

Babu ɗan Tungar Dunya da bai san irin wannan lafiya lau ɗin ba. Kowa ya taɓa jin ta daga bakin uwarsa ko ubansa a kan tabarmar ƙarshe. Maye mai ƙoshi da kurwa ba ya amsawa haka. Hannun Cindo ya sauko a hankali.

"Yaya jiki?" in ji Hakama.

"Da sauƙi."

"Yaya jikin, Yaya?"

Sai ya ce, "Sai dai ƙishirwa, ƙanwata."

Lanti ce ta fara. Wani abu ya ɓalle mata a maƙogwaro, ta ce "Sannu!" da ƙarfi, ta toshe bakinta don mamaki. Sai na kusa da ita ya ce sannu, sai na bayansa, kalmar ta bi taron nan kaf, har Shekarau. Cindo ya tusa wutar cikin ƙasa ya take, ya zauna a wurin ya rufe fuska.

Hakama ta ɗaga ƙafa, ta shiga. Ta same shi a tsakar gida kusa da randa, randar a bushe, ya ja jiki zuwa gare ta ya kasa komawa. Wuƙar jima ce ta yanke shi a ƙwauri kwana tara da suka wuce, ciwon ya ruɓe, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa. Ta ɗora kansa a cinyarta. Mata suka shigo da ruwa, ta riƙa ɗiga masa da yatsa.

Ya ce, "Duk na ji ku. Ina amsa sallamar, murya ce ba ta kaiwa. Na ji ana jibga karan." Ya numfasa. "Ranar Litinin na ji takunki a bakin zaure. Na san takunki. Na ce yau za ta shigo."

Hawayenta suka yi ta zuba a goshinsa.

Asabar aka yi gayya aka yashe rijiya, aka fito da mushen akuya da ya daɗe a ciki, cikin yara ya lafa. Bagudu ya rayu. Ƙafar ce ba ta tsira ba. Wanzamin da ya yanke ta, yana wanke hannu a bakin zaure, ya ce wa Hakama abin tausayi ne, don da an same shi kwana huɗu kafin Juma'ar nan, da magani kawai zai sa. Hakama ta ƙirga da yatsunta, Alhamis, Laraba, Talata, ta tsaya a kan na huɗun ba ta faɗi sunansa ba. Ta ɗauki kwanon kunun da ta dama, ta sunkuya ta shiga wajen yayanta.